Lallen Ƙotar Bindiga

Daren Litinin, Kurayyat, Saudiyya

Yau na gama harhaɗa bindigar tokar nan ta ado, wadda aminina na garin Ɗa'if ya aiko min gunduwa-gunduwa a kwali. Saura launin ƙota. Zuciya ta raya min lallen matata zai fi fenti kyau, na kwaɓa na shafa da hannuna, har da 'yar waƙa.

Da na wanke, katako ko gezau, yana nan fari fat. Yatsuna goma kuwa jawur!

Ga shi gobe zan je dangwala yatsa don sabunta iƙama, takardar izinin zama. Na cuɗa da lemun tsami har fata ta yi zafi, a banza. Wa ya aike ni?

Matata ta leƙo, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Halas, shi ke nan, Alhaji, ya kama. Miƙo ƙafafun in ƙarasa maka."