Ni Na Sassaƙa Ƙadangaren da Babana Yake Bi

Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Musulmi da Kirista. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema, kuma kwana uku kawai suka rage mini.

Ni magidanci ne, ina zaune a Mahuta da matata da 'ya'yana biyu. Sana'ata sassaƙa rubutu a kan dutse, irin sunan mamaci a kan kabari ko allon da ake mannawa a bangon coci da makaranta. Mahaifina ya haura saba'in, yana Romi. Asalinmu Filato ne, aikin masaƙa ya kawo shi Kaduna tun yana saurayi. Babansa, wato kakana, heluma ne, wato shugaban leburori, a haƙar kuza, kuma ya bar masa wani tsohon littafi da ya zana abubuwa a ciki da fensir. Labarin da kakan ya bari shi ne, wai mutanen zamanin da suna da ramin zinariya a duwatsun da ke kudu da kogin Kaduna, da mahara suka matsa musu sai suka toshe bakinsa suka gudu, suka bar alamu uku a jikin duwatsu don jikokinsu. Ta farko ramuka bakwai a jere, ta biyu sawun ƙafa, ta uku ƙadangare wanda wutsiyarsa ke nuna bakin ramin. Muna yara Baba kan ba mu labarin mu yi dariya, shi ma ya yi dariya. Bayan rasuwar Mama ne ya daina dariyar, ya ɗauko littafin ya fara shiga daji.

Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana da amini Musulmi, zan kira shi Baba Idi, maƙeri ne a Tudun Wada, tare suka yi masaƙa. Duk rikicin da aka yi a garin nan bai raba su ba. Su biyu suke hawa tsohon babur ɗin Baba su nausa daji. Abin da ya rikita ni shi ne sun samu ramuka bakwai ɗin da gaske, na gani da idona. Bayan wata biyu suka samu wani abu mai kama da sawun ƙafa. Daga nan Baba ya zama wani mutum daban. Kullum suna ƙara nisa, suna shiga dajin da ko manoman wurin sun daina shiga saboda masu garkuwa da mutane. Akwai lokacin da suka yi kwana biyu ba labari, wayoyinsu ba sa shiga, ni da 'ya'yan Baba Idi muka zaga ofishin 'yan sanda da asibitoci. Da suka dawo na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, don Allah ka bari. In aka ɗauke ka, ina zan sa kaina?" Ya dube ni ya ce, "To in zauna in yi me? In kalli kujerar uwarka har in bi ta? Saura ɗaya, in na ga ƙadangaren nan na huta."

Maganar nan ce ta shiga kaina. Na ce a raina, tunda ƙadangare yake nema, me zai hana ya same shi a inda ba za a sace shi ba? Na ɗauki hoton shafin littafin a wayata. Na samu wani dutse a bayan Kamazou, gefen gonar wata dattijuwa, kusa da titi har kana jin ƙarar motoci. Da rana tsaka na je da cizal da guduma, duk wanda ya gan ni zai ɗauka mai fasa dutse ne. Kwana uku na yi ina aikin. Da na gama na zuba masa ruwan batir don bakin sassaƙar ya cinye, na shafe shi da kashin shanu da jar ƙasa, na bari ruwan sama ya dake shi sati uku. Wallahi da na koma ni kaina sai na ga zanen kamar ya shekara ɗari a wurin. Lissafina shi ne Baba zai tona kwana biyu, ya ga ba komai, ya ce mutanen zamanin da sun kwashe, ya dawo gida. Wace irin wauta ce wannan? Ban san mahaifina ba ne?

Na je na ce masa wani mai fasa dutse ya ba ni labarin wani zane. Muka tafi mu uku. Da Baba ya gani sai ya zube a kan gwiwoyinsa, ya ɗora tafin hannunsa a kan zanen yana kuka, yana cewa da yarenmu, "Babana bai yi ƙarya ba." Ya rungume ni ya ce, "Kai ne ɗan albarka." Rabon da ya rungume ni tun ina firamare. Baba Idi kuwa ya tsuguna ya daɗe yana bin zanen da yatsa, ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Masha Allah."

Suka roƙi mai gonar ta ba su gefe guda, suka fara haƙa daidai inda wutsiyar ta nuna, wutsiyar da ni na karkata ta yadda na ga dama. Kafin sati biyu labari ya bazu. Samari daga Kamazou da Romi da Sabon Tasha suka cika wurin da diga da shebur, kowa ya kama nasa ramin, aka tattake masarar baiwar Allahn nan tana tsaye tana kuka ba mai sauraronta. Masu sayar da abinci suka kafa rumfa. Wani ya ga ƙasa mai ƙyalli aka yi ta ihu. Kullum in ce yau zan faɗa, in je in tarar da Baba yana raba wa samari umarni da littafi a hannu, ya yi ƙiba, yana cin abinci, yana waƙar coci, sai in juya in dawo gida ban faɗa ba. Ramin su Baba ya wuce tsayin mutum uku. Ran nan an kwana ana ruwa, da safe Baba Idi ya sauka don ya kafa katakon tokare, gefen ramin ya rufto masa. Awa biyu aka yi ana tono da hannu kafin a fito da shi. Ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ta karye biyu. Likita ya ce ko ya tashi, da wuya ya sake tsayuwa a maƙera.

Jiya na je duba shi a asibiti. Ya sa babban ɗansa ya fita sayo ruwa, ya ce in jawo kujera. Ya ce, "Ɗana, cizal ɗin nan naka mai ɗan tsagu a baki, har yanzu kana aiki da shi?" Na ce masa e. Ya ce, "Ni na ƙera maka shi. Duk inda ya bi yana barin siririn layi a tsakiya. Tun ranar farko na gane." Na ce, "Baba, to me ya sa ba ka faɗa ba? Me ya sa ka shiga ramin?" Ya ce, "Na san dalilinka, ni ma tsoron dajin nan nake ji, kunyar babanka ce ta hana ni daina bin sa. Kuma na ga abokina yana dariya. Da ni da kai duk mun yi laifi, ni na karɓi rabona." Na kama hannunsa ina kuka ina ba shi haƙuri, ya janye hannun ya ce, "Ba kuka na kira ka ka yi ba. Babanka ya ce ranar Asabar shi da kansa zai sauka, wai ba zai bari jinina ya zuba a banza ba. Akwai 'ya'yan mutane a ramukan nan kuma damina ba ta wuce ba. Ka gaya masa kafin Asabar. In ba ka iya ba, ni zan gaya masa, kuma ka san daga bakina zai fi yi masa ciwo."

Yau Laraba. Matata ba ta sani ba, tana ganin ciwon Baba Idi ne ya hana ni cin abinci. Ɗazu na je Romi da niyyar faɗa, na tarar da Baba a tsakar gida yana gwada ƙarfin sabuwar igiya a jikin bishiyar mangwaro. Ya ce, "Yawwa, zo ka riƙe mini nan. Ranar Asabar kai za ka riƙe igiyar, ba na yarda da hannun kowa sai naka." Na riƙe masa, na yi sallama na dawo.

Baba yana da hawan jini. In na ce masa ƙadangaren da ya yi kuka a kansa aikin hannuna ne, zuciyarsa za ta ɗauka? In ta ɗauka, zai sake kallona a matsayin ɗa? Samarin da suka bar sana'o'insu suka yi wata guda suna tona ƙasa, in suka ji, me za su yi mini, me za su yi wa gidana? 'Ya'yan Baba Idi fa? Mutanen kirki ne, tare muka tashi, amma kun san garin nan, magana tana fita daga baki a matsayin laifin mutum ɗaya, kafin ta tsallake gadar kogin Kaduna ta zama maganar addini. Na yi tunanin in je in farfasa zanen a ɓoye, amma hakan zai ƙara tabbatar musu da cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Na yi tunanin in sa hukuma ta rufe wurin in yi shiru, amma Baba Idi ya sani, kuma Baba zai koma dajin da na raba shi da shi. Na yi tunanin in fara zuwa wurin fastonmu, ko in fara da dattijuwar da na jawo wa asarar gona, har yanzu ban iya ɗaga ƙafa ba.

Na san gaskiya zan faɗa, ba wannan nake tambaya ba. Ta ina zan fara, a gaban wa, da wane baki, yadda ba za a sake kwasar wani zuwa asibiti ba? Baba ya ce in zo da wuri ranar Asabar. Jama'a, ku taimake ni, me zan yi?