Kan Yumɓu da Zakara Ɗaya

Laraba, da dare

Bakina ne ya ja mini, kamar kullum. Shekaranjiya ina haƙar citta a gonarmu ta gefen tsohon ramin kuza, sai fartanya ta tono kan mutum na yumɓu, irin waɗanda masu kuza suka riƙa tonowa a nan Nok zamanin kakana. Maimakon in yi shiru, na kai shi teburin mai shayi, na ce ga kawuna ya dawo daga tafiya. Aka yi ta dariya. Yanzu ni ake yi wa.

Fasto ya ce gunki ne, kada ya ƙara kwana a gidan mai bi. Alhaji mai sayen citta ya raɗa mini yana da mai so a Kafanchan. 'Yata Rahila ta ce, "Baba, na gidan tarihi ne fa, ka sayar a kama ka."

Tsohuwata ce ta ƙarasa ni: "Ka tashi mai barci, ɗan banza. Mayar da shi inda yake, ka zuba masa jinin zakara."

Zakarana ɗaya ne, kuma a gaban ikilisiya na yi alkawarinsa don godiyar girbin kaka ran Lahadi.

Kan yana ƙarƙashin gado, zakaran yana akurki, kowa na barcinsa. Ni kaɗai ne ido biyu. Allah yana bina zakara, kakanni ma suna bina.