Garantinku Ya Tsaya a Bakin Kwalta

Zuwa ga Manajan Sashen Ciniki,
Kamfanin da ya sayar mini da jar mota mai ƙofa biyu,
Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da ma'aikata, da fatan sanyin ofishinka bai sa maka mura ba kamar yadda ya kusa sa mini. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don ba na son in yi muku talla kyauta, kuma ai kun san kanku. Sunana Habu Ya'u, manomin rani daga wani ƙauye a yankin Bunkure. Ni ne wanda jami'inku Malam Nazifi ya kira a waya har sau shida cikin sati biyu, yana tambaya ko na yanke shawara a kan ƙarin garanti na shekara biyu. Na yanke. Na zaɓi in ba da amsar a fili ne saboda akwai wasu manoman da tumatir ya yi wa kuɗi, kuma na ga sun fara zagaya motata suna leƙen gilas.

Na ɗaya. Zan fara da laifin kaina, don kada ka ce na zo da son zuciya. Ba wanda ya ɗaure ni ya kawo ni shagonku. Shekarar da tumatir da albasa suka yi daraja tare, kuɗi suka hau mini ka. Ga shekara hamsin da 'yan kai, ga tumbi, ga ciwon gwiwa, na je na zaɓo motar da sai na durƙusa kamar mai gaida surukai kafin in shiga. Burgewa nake so, ba zan ɓoye ba. Akwai kuma dalili na biyu da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: a garinmu duk wanda ya sayi mota ya zama direban unguwa. Biki kai ne, suna kai ne, buhun wani da za a kai injin casa kai ne. Na yi lissafin cewa mota mai kujera biyu za ta raba ni da wannan hidimar, kuma ta raba ni. Abin da ban lissafa ba shi ne tafiyar da ke tsakanin gidana da kwalta, wadda duk a kan gaɓar kanal ɗin ban-ruwa ake yin ta, ga kuma motar da tsakanin cikinta da ƙasa ko kaza sai ta sunkuya.

Amma na faɗa wa Malam Nazifi inda nake zaune tun ranar ciniki. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai wannan ko'ina shiga take." Ya ba ni garantin shekara ɗaya, ya kuma ja mini kunne sau uku a kan abu guda: kada in bari wani bakanike ya taɓa ta sai naku. Ya faɗe shi da irin muryar da likita ke hana mai hawan jini gishiri, ni kuma na ɗauka da gaske.

Na biyu. A nan nake so ka natsu, domin wannan shi ne asalin ƙorafina. Akwai wani bawan Allah da ake kira Malam Ado, bakaniken injin ban-ruwa ne, rumfarsa na bakin kasuwar Bunkure. Gonata tana can ƙarshen layi, inda ruwan kanal ba ya hawa sai an ja shi da inji. Idan injin ya tsaya kwana uku lokacin da tumatir ke fure, an gama da ni a wannan shekarar. Fiye da shekara ashirin Malam Ado ne yake tsakanina da wannan masifa. Ko yana cin abinci na aika masa, zai ajiye ya ɗauko jakar sifanarsa ya hau babur. Bai taɓa ba ni takarda ba, bai taɓa sa ni danna ɗaya ko danna biyu a waya ba.

Ranar kasuwar farko bayan na sayi motar, na faka ta daidai inda kowa zai gani. Malam Ado ya taso da fara'arsa, ya zagaya ta, ya yi mini barka. Sannan ya dafa murfin injin ya ce, "Habu, buɗe mana mu ga abin da Bature ya dafa a ciki." Ni kuma, da jan kunnen ma'aikacinku yana yi mini amo a ka, da mutane kewaye da ni suna kallo, sai na ce, "Malam Ado, ɗauke hannunka. Wannan ba injin ban-ruwa ba ne, tana da garanti." Aka kwashe da dariya. Ya ɗauke hannun, ya goge shi a jikin rigarsa kamar shi ne ya ɓata motar, ya ce Allah ya sanya alheri, ya koma rumfarsa. Bakina ne ya faɗa, na sani. Amma ku kuka ba ni karatun.

Tun daga ranar ya daina taka gonata. Idan na aika, sai a ce aiki ya yi masa yawa. Na ɗauko wani bakaniken daga Kura, ya kwance mini inji ɗaya ya mayar, aka samu rarar kusoshi uku a ƙasa, injin kuma bai ƙara tashi ba har yau.

Na uku. A wata na tara, da hantsi, ina hanyar fita titi sai cikin motar ya daki bakin wani kwalbati. Salansa ta tsinke ta faɗo tana jan ƙasa. Ban damu ba, wallahi har da ɗan alfahari na ciro waya, don ga ranar garanti ta zo. Wata baiwar Allah mai daɗin murya ta ɗauka, ta yi mini jaje sosai, sannan ta tambaye ni ko motar tana kan kwalta. Na ce tana kan gaɓar kanal. Ta ce to, janwenku mai jan mota ba ya sauka daga kwalta, sai dai in kawo motar bakin titi. Na tambaye ta ko a ka zan ɗauko ta. Ta ce ta fahimci damuwata, kuma kirana yana da muhimmanci a wurinku.

Daga hantsi har bayan azahar ina tsaye a rana, mata masu tsinkar tumatir suna wucewa suna yi mini sannu da muryar da ta fi zagi zafi. Sai ga Malam Ado a kan baburinsa, zai wuce gonar wani. Ya tsaya, ya yi sallama, bai tambaye ni komai ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta a gefen motar da na hana shi dafawa, ya zura hannu ƙarƙashinta ya ɗaure salansar da wayar ƙarfe. Na miƙa masa kuɗi, bai ko kalli hannuna ba. Cewa ya yi, "Ba a barin mutum a hanya," ya hau babur ya tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da wannan wayar ƙarfen na iso garejinku. Ma'aikatanku uku suka sunkuya, suka ɗauke ta hoto ta gaba da ta baya kamar sun kama ɓarawo. Aka sanar da ni cikin ladabi cewa hannun da ba naku ba ya taɓa motar, saboda haka garanti bai shafi wannan gyaran ba. Wato da na bar ta a bakin kanal har yau, awaki suna kwana a inuwarta, da garantina yana nan lafiya lau. Na biya daga aljihuna, aka kuma ba ni ruwan roba ɗaya kyauta, na gode.

Na huɗu. Ba a yi wata uku ba Malam Nazifi ya fara kirana a kan ƙarin shekara biyu, a kan kuɗin da za su saya mini sababbin injinan ban-ruwa huɗu. Kada ka ɗauka watsi na yi da maganar. Na yi tunani sosai, domin na ga farashin kayan motar nan da idona, na san idan giyarta ta tashi aiki za ta iya cinye mini noman rani guda. Tsoro ya kusa sa in sa hannu. Sai na karɓo ɗan littafin garantinku na kai wa 'yata Hadiza, wadda ke koyar da Turanci a wata sakandare a Kura, na ce ta karanta mini da Hausa, har da ƙananan rubutun da aka yi don masu idon shaho.

Ta fara. Lalacewar da ta faru a hanyar da ba kwalta, ba ruwanku. Wadda ruwa ko laka suka jawo, ba ruwanku, alhali ni a tsakiyar ruwa da laka nake neman abincina. Idan ɓera ya ci waya, ba ruwanku, kuma gidana jikin rumbun shinkafa yake. Idan an zuba man bumburutu, ba ruwanku, kamar akwai gidan mai a ƙofar gidana na ƙi shiga. Idan an ɗauki kaya fiye da ƙima, ba ruwanku; a nan Hadiza ta ɗago ta dube ni, don ta san na taɓa ɗaura wa kwandon tumatir bel a kujerar gefe. Sai kuma tsohuwar maganar, cewa kada hannun kowa ya taɓa sai naku. Na ce ta karanto mini inda yake da ruwanku. Ta ce inji da giya suna ciki, muddin babu ɗaya daga cikin waɗancan da ya faru, kuma ku ne za ku duba ku ce ya faru ko bai faru ba. Ta daɗe tana dariya kafin ta iya ce mini, "Baba, wannan ai ba garantin mota ba ne, jerin sunayen abubuwan da ke garinmu ne."

Na kira Malam Nazifi na zayyana masa. Allah ya ba shi basira, nan take ya samo mafita. Ya ce in nemi wuri a Kura in riƙa ajiye motar a bakin titi, in ƙarasa gida a kan acaɓa. Ranka ya daɗe, ka ji fa. In sayi mota, in saya mata garanti, in kama mata haya, sannan in riƙa kai mata ziyara ranar Juma'a kamar mara lafiya a asibiti.

Na biyar. Lokacin dashe ya matso, irin tumatir ya kai cirewa, injin da ya rage mini kuma yana tari. Na zauna na ga cewa takardarku tana neman in sake zaɓa ne tsakanin hannunku da na Malam Ado, har na shekara biyu. Don haka ranar kasuwar da ta wuce na je rumfarsa, na tsaya a gaban mutane na ce na yi kuskure, ya yafe mini, kuma motar ga ta nan, daga yau hannunsa ne a kanta. Ya tashi ya daɗe yana duba injin, bai taɓa komai ba. Sannan ya ce, "Gaskiya ban san wannan injin ba. In ya lalace ba zan iya ba, kada ka dogara da ni. Na ban-ruwan dai zan zo in gani."

Ka ga bambancin, ranka ya daɗe. Shi ya faɗa mini abin da ba zai iya ba, a tsaye, kyauta. Ku kun rubuta abin da ba za ku yi ba, kun sa masa bango mai sheƙi, kuna so in saya. Saboda haka amsata ita ce ba na so. Na san yanzu motar ba ta da kowa sai Allah. Ranar da giyarta ta tashi aiki, zan ji a jikina, kuma na yarda.

Buƙatuna kaɗan ne. Ku ce wa Malam Nazifi ya huta da kirana, katin wayarsa ya yi masa amfani a wani wurin. Duk wanda ya zo sayen irin motar nan da laka a takalminsa, ku tambaye shi hanyar gidansa, ku karanta masa shafin ba-ruwanmu da Hausa kafin ya ƙirga muku ko sisi. Ku rubuta a ƙofar shagonku da manyan baƙaƙe cewa garantinku yana ƙarewa inda kwalta ta ƙare, don mu mutanen bayan kwalta mu san matsayinmu.

Buƙata ta ƙarshe kuma ita ce ta fi damuna. Malam Ado ya cika alkawari, ya zo shekaranjiya ya gyara injin, ruwa yana gudu a cikin kunyoyi yanzu haka. Shekara ashirin, duk ranar da ya gama mini gyara, mukan zauna a bakin kanal mu ci dambu kwano ɗaya, yana tsokanata ina ramawa. Uwargidana ta aiko da dambun, na buɗe kwanon na ce bismillah. Ya wanke hannunsa a bakin bututun, ya ce ya ƙoshi, ya ɗaure jakarsa ya tafi. Ni kaɗai na zauna da kwanon, na kasa ci. Wannan zumuncin ne abin da ya lalace mini tun da na sayi motarku, kuma a cikin shekarar garanti ya lalace. Ka sa ma'aikatanka su duba littafin, su faɗa mini a wane shafi yake.

Allah ya ƙara maka girma, ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka da tsayawa a hanya. In kuma ƙaddara ta sa motarka ta tsaya, Allah ya sa a kan kwalta ne. In ba a kan kwalta ba ne, Allah ya haɗa ka da irin Malam Ado, ya kuma sa ba ka taɓa ce masa ya ɗauke hannunsa ba.

Wassalam.

Naka,
Habu Ya'u,
manomin rani, yankin Bunkure.