Tsakar Gidanmu a Kan Katako

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Mu nan Makera lafiya lau, gari ya lafa tun da sojoji suka koma bariki.

Jikata Rabi, mai karatun zanen gine-gine, an ce su gina ɗan ƙaramin gida a kan katako. Ta zaɓi gidanmu na ƙauye da ya rushe, ina kwatanta mata. Ɗakuna sun fito, amma tsakar gida ta ƙi. Fenti ya cika ja, ƙasar da muka ɗebo a unguwar Narayi kuma da ta bushe sai ta koɗe. Na ce ba haka launin yake ba. Ta ce, "Tsoho, ko dai idon ne ya gaji?"

Sai na tuna yadda Inna take yayyafa makuba idan ana daɓe. Muka jiƙa ɓawon ɗorawa muka haɗa makubar, Rabi ta shafa a kan ƙasar. Yaya, sai ga tsakar gidanmu, ja mai duhu, har da warin! Na daɗe ina kallon inda muke cin tuwo.

Ki sa ta a addu'a, malamai ba su duba aikin ba tukuna. Ki gaida Malam Sani. In an gama za mu kawo miki, ki nuna mana inda turmi yake, don ni na manta.

Ƙaninki,
Garba