Shafin da Baba Ya Karanta a Taron Shuka

Sengkang

Yaya Tenri,

Gaisuwa mai yawa. Ya Makassar, ya yara? Na'urar karatun da kika aiko wa Baba ta iso. Wallahi kamar takarda, ko a tsakar rana ba ta ƙyalli! Sai dai ba ta san rubutunmu na Bugis ba. Na zuba mata littafin kakanni, ƙananan akwatuna kawai take nunawa. Ga taron shuka ya matso, kin san Baba ke karanta wa gari littafin don a san ranar fara dashen shinkafa. Idonsa ya daina ganin tsohon littafin. Ya ce bana zai bar wa wani karatun, sai ya juya mana baya. Ki bar ni in sauya mata manhaja.

Ƙaninki,
Sulolipu

Makassar

Sulo,

Ina amsawa. Kai da ka kashe rediyon Inna da sunan gyara? Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka sani. In ta mutu a hannunka kanti ba zai karɓa ba, Baba ya tashi ba komai. Ka bar ta yadda ta zo. A gaishe shi.

Tenri

Sengkang

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri, na taɓa ta. Haruffanmu suka fito, kowanne kamar babban yatsa. Baba ya shafa allon, ya ce, "Ashe kuna nan."

Ranar taro gari ya zauna a tabarmi, ni ina bayansa. Ya gama shafin farko, ya danna, na'ura ta daskare. Amma Yaya, Baba bai tsaya ba! Yana taɓa allo kamar mai juya shafi, yana kawo taurari, da iska, da ranar dashe, har ƙarshe, muryarsa ta cika rumfa. Ni kaɗai na ga shafin bai motsa ba. Tsigar jikina ta tashi.

Har yau ta ƙi tashi, rubutun kuma yana nan daram ko da ba caji. Ya naɗe ta a zanen siliki. Ban san ko ya lura ba. In kai ta gyara?

Naki,
Sulolipu

Makassar

Sulo,

Kuka na yi a gaban mutane. Kada ka kai ta ko'ina. Kada kuma ka tambaye shi.

Yayarka,
Tenri