Ɗanka Ya Nemi In Zama Mai Masaukinsa

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Sale na Ƙarfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani yake yi wa wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka da haske.

Yau shekara takwas da wata biyar rabona da gida. Ina ƙirgawa ne daga safiyar da ka ɗauko ni a bayan babur ɗinka ka kawo ni tashar Funtua, ka tsaya gefe har motar ta cika, ba ka ce in fasa ba, ba ka kuma ce na yi daidai ba. Abin da ka ce kawai shi ne, in na dawo in fara zuwa wurinka in faɗa maka abin da na tara, kafin kowa ya ji.

Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Na rubuta ta ne na ajiye a inda mutane za su gani, saboda akwai maganar da bakina ya kasa faɗa wa mai rai, ita ce nake so in faɗa maka, ko mai ran zai ji ta a gefe.

Nura, ɗanka na fari, ya turo mini saƙo kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Ya ce da zarar an cire masara zai sayar da gonar Bakin Rafi, har wani Alhaji mai sayen hatsi ya zo ya taka iyaka. Ya ce in turo masa sunan unguwar da nake. Ya rufe da cewa, "Baffa, kai ne mai masaukina." Har yanzu ban amsa masa ba. Kullum sai in buɗe saƙon in rufe.

Yaya, ka tuna yadda ka sayi gonar nan? Mai ita ya matsa maka tun da rani, kuɗin kuma suna hannunka, ka ƙi. Ka jira sai tsakiyar damina, ranar da aka kwana ana ruwa, ka taso ni muka tafi da buhu a ka maimakon laima. Ka zagaya ta ba takalmi, kana duba inda ruwa ya kwanta da inda ya wuce. Ka tona ƙasar da hannu ka sansana. Ka bi maƙwabtan gonar ɗaya bayan ɗaya kana tambayar wa aka taɓa yin rigimar iyaka da shi, ta ina shanu suke bi. Ni ina ta rawar ɗari ina ƙunƙuni. A hanyar komawa ka ce da ni, "Haruna, da rani kowace gona kyakkyawa ce. Ranar da ruwa ya yi mata yawa ake zuwa ganinta."

Ni da na tsaya a gefenka ran nan, ni ne na zaɓi garin da zan zuba rayuwata a cikinsa daga hoto guda ɗaya.

Hoton Sabi'u ne, mutumin Maska da muke haɗuwa a kasuwa. Yana tsaye a bakin teku, ya jingina da wata farar mota, ya yi ƙiba ko kuwa rigar sanyin ce ta sa na ga haka. Na nemi lambarsa na ce ina so in zo. Ya ce Allah ya kawo ni lafiya. Shi ke nan binciken da na yi. Na sayar da gonata ta tudu da shanun huɗa biyu a kan wannan kalma. Ban tambaye shi wane aiki yake yi ba, ban tambaye shi ina yake kwana ba, su nawa ne a ɗaki, yana da takardar zama ko babu. Ka san mu, baƙo ba ya tambayar mai masauki ko yana da wuri. Rashin kunya ne a ganinmu. Muna iya tone ƙasar gonar mutum mu sansana, amma ba ma iya tambayarsa ko ya ci abinci jiya.

Ba zan faɗi sunan garin ba, domin ba laifin garin ba ne. Birni ne babba a bayan sahara, mai tsafta, mai fitilu, kuma ga masu shi gari ne mai daɗi. Ni ne na zo masa ba da abin da yake nema ba.

Ranar da na iso, Sabi'u ya tare ni da murna ya kai ni wani kangon bene da ba a gama ginawa ba. Mutum tara na samu a ɗaki ɗaya, an toshe tagar da kwali. Ya ba ni bargonsa, shi ya kwana a cikin rigar nan ta hoto. Sai bayan wata uku na iya buɗe baki na tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Ya dube ni ya ce, "Wa ka taɓa ji ya ce wa ɗan garinsu kada ya zo?" Na so in yi fushi da shi, na rasa ta inda zan fara. Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Da na zo ganin garin nan a muguwar ranarsa kamar yadda ka koya mini, da na san a nan damina da sanyi tare suke zuwa. Ruwa ne mai shiga ƙashi, yana sauka a kan siminti, ba ya tsirar da komai. Ranar da aka yi shi babu mai ɗaukar lebura, ranar da ba a ɗauke ka ba kuwa babu abinci. Ni da na tashi a gidan da ake fita roƙon ruwa, yau in na ga hadari gabana faɗuwa yake yi. Wannan kaɗai ya ishe ni baƙin ciki, Yaya.

Na kuma zo da tunanin Larabcin da muka yi a allo zai fitar da ni. Ranar farko da na gwada shi a shagon burodi, mai shagon ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji, suka yi ta dariya, suka ce na yi magana kamar liman a kan mumbari. Ba da mugunta suka yi ba, har sun ƙara mini burodi ɗaya. Amma shekara biyu na yi kafin in iya yin ciniki a kan ladan aikina ba tare da an kira wani ya tsaya mini ba.

Sai takarda. A gida ba mu san mutum yana bukatar izini kafin ya zauna a gari ba, ka gai da mai unguwa shi ke nan. A nan in ba ka da ita, ba mai ba ka hayar ɗaki da sunanka, in an cuce ka ba inda za ka kai ƙara, in ka ga motar jami'ai sai ka sauya titi kamar ka yi sata. Da ƙusa ta huda mini ƙafa, sati biyu na yi ina ɗaure ta da tsumma don tsoron asibiti, sai wata mata mai shagon magani ce ta ga yadda nake ɗingishi ta wanke mini, ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Akwai mutanen kirki a nan, ba zan ɓoye ba. Amma kirkin mutum ɗaya ba ya zama takarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwana biyu kafin mu iso teku, motarmu ta tsaya a wani ƙaramin gari mai dabino da lambuna, tumatir da albasa ko'ina. Wani tsoho ya zo yana duba mu, ya kama hannuna ya juya tafin, ya ga kantar fartanya. Ya sa aka gaya mini yana da aiki, da ɗaki, da abinci. Na yi dariya na ce ban ƙetare sahara don in sake riƙe fartanya ba. Mutum biyu 'yan Maraɗi suka sauka a nan. Na ji labarin ɗayansu ya koma gida bayan shekara huɗu da injin ban ruwa nasa na kansa. Ni na wuce zuwa birni, inda abin da hannuna ya sani ba shi da mai saye. Shekara takwas ina tsayawa a shataletale da asuba tare da ɗaruruwa irina, muna jiran mota ta tsaya a nuna mu da yatsa. Bulo da siminti nake hawa da su bene. Yanzu ko na so komawa garin lambun, shingayen hanya ba za su bar marar takarda ya kai ba, bayana kuma ɗaukar siminti ya riga ya lalata shi. Samari suke nema.

Ina hawa na huɗu da buhun siminti a kafaɗa lokacin da matarka Hajara ta kira ta gaya mini ka rasu. Na sauke buhun na zauna a kansa. Ban zo ba, Yaya, ka yafe mini. Wanda ya fita daga nan ba takarda ba ya dawowa, ni kuma na ji kunyar in shigo Ƙarfi da leda a hannu. Na sayi dabino na raba wa mutanen ɗakinmu, muka yi maka addu'a, washegari na koma shataletale.

Sabi'u jami'ai sun kama shi shekara uku da suka wuce, an mayar da shi gida. Na ji yana acaɓa a Funtua. An ce duk wanda ya tambaye shi labarin can sai ya ce alhamdulillahi, garin yana da arziki ga mai rabo. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma abin da na yi ke nan. Sallar bara na ari jallabiya na tsaya a gaban wani bene mai gilashi, na sa aka ɗauke ni hoto na turo gida. Da kafaɗata aka hau da bulon benen nan, amma ko ƙofarsa ban taɓa shiga ba bayan an gama. Na turo ne don hankalin Hajara da yara ya kwanta. Hoton nan Nura ya gani.

To yanzu ka gaya mini yadda zan yi. In na ce masa kada ya zo, gobe za a ji a majalisar ƙofar masallaci cewa Haruna ya samu wuri ya rufe wa marayan wansa ƙofa. Hajara ma ta riga ta turo mini saƙon murya tana sa mini albarka, tana cewa na tsaya a matsayinka. In na ce ya zauna, da wane baki? Damina uku ya yi yana noma gonar nan shi kaɗai, taki ya fi ƙarfinsa, gonakin nesa kuma mutane sun bar su don tsoron masu bindiga. Ba rago ba ne, ba kuma yaro ba ne, shekararsa ashirin da biyar. Yana da hujja fiye da wadda nake da ita lokacin da na tafi.

Kuma kai ma, Yaya, bari in faɗa maka abu ɗaya, ka yi haƙuri. Saboda ɗan fari ne ba ka taɓa kiran sunansa ba, ba ka taɓa zaunar da shi ka yi masa doguwar magana ba. In kana son ya yi abu sai ka ce da ni, "Gaya wa wancan." Duk abin da ka sani game da ƙasa da ruwa da mutane ni ka zuba wa, da nufin in miƙa masa. Ni kuma na ɗauko shi na ƙetare sahara da shi na zubar a hanya. Yau ma ga ni ina yin irin taka, ina magana da kai don wancan ya ji.

In da zai ji, ba cewa zan yi kada ya fita ba har abada. Cewa zan yi ya bar Bakin Rafi a inda take, ko aro ya bayar, domin wanda ya sayar da wurin komawa ba ya iya cewa ya fasa. Ya cire kunya ya tambaye ni duk abin da ban tambayi Sabi'u ba, in ya tambaya wallahi zan faɗa masa. Ya nemi garin da ake bukatar abin da hannunsa ya iya, ko da garin ba shi da teku, ko da ba ya kyau a hoto. Amma na san yadda kunnen mai shirin tafiya yake. Nawa ma haka yake a lokacin, kana tsaye a gabana ban ji ba, balle takarda daga nesa.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka, ya sa gonar nan da ka ciyar da mu da ita ta zama shaida a gare ka. Allah ya tsare Nura, ya sa masa haƙurin da ya sa maka, kada ya sa masa gaggawar da ya sa mini. In kuma an rubuta sai ya taho, Allah ya ƙetare da shi sahara lafiya.

Ka ce in fara faɗa maka abin da na tara kafin kowa ya ji. Ga shi, tunda ban samu zuwa ba. Kuɗin da za su kai ni Agadez, ba za su ƙarasa da ni Funtua ba. Waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Kaya kala uku, takalmin aiki ɗaya, tukunya ɗaya, katifa ɗaya. Bargo biyu: ɗaya na Sabi'u ne da ya bar mini, ɗayan shekaranjiya na saye shi na ninke na ajiye, ko da Nura zai ƙi ji.

Ƙaninka,
Haruna.