A Dawo Mini da Abokin Dayarin Rifkatu

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin da ke shigo da dayarin aljihu mai batir,
Reshen Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya. Sunana Yohanna, ina aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Na sha rubuto maka ta gidan waya ban ji ko tari ba, shi ya sa yau na kawo maganar cikin jarida. Ka yi haƙuri da tsawonta, mutumin da aikinsa jiran jirgi ne ba ya iya gajerta zance.

Na farko, bari ka san abin da kayanku ya zame mana. Matata Rifkatu ungozoma ce, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Kauru, ni kuma aiki ya riƙe ni a nan. Ba mu da tarho, wasiƙa kuwa sai ta dawo gida ta huta kafin wasiƙar ta iso. Sai muka sayi dayarinku guda biyu iri ɗaya, masu maɓallai, da 'yar wayar da ke haɗa su. Ku kun yi su ne don 'yan kasuwa su ajiye lambobi da ranakun taro. Mu ba mu da taron zuwa, sai muka riƙa zuba kwanakinmu a ciki.

Ka san yadda jirgi ya zama yanzu, sai ya ga dama yake zuwa. Nakan zauna a bakin dogo ina kallon yadda gajimare ke sauka kan dutsen Kagoro, in rubuta mata abin da na gani. Ita ma tana can tana nata. Ranar Asabar ɗin da ta samu zuwa gida, bayan mun ci tuwon acca, sai mu ɗora su kan tebur mu haɗa da wayar nan. Nawa ya shiga nata, nata ya shiga nawa, kowa ya koma kujerarsa yana karanta makon ɗan'uwansa. Ta taɓa rubuta mini: "Yau na karɓi haihuwa. Yaro ne, ya fito da fushi irin naka." Wata rana kuma: "Na yi mafarki jirginka ya zo Kauru, babu dogo, yana tafiya a kan masara, kai kana ɗaga mini tuta." A baki Rifkatu ba ta da yawan magana. Sai a cikin wannan ɗan akwati na san irin matar da na aura, kuma na ƙara sonta.

Na biyu, ga inda kuka shigo. Kafin Kirsimetin bara wakilinku ya zo Kafanchan da mota mai lasifika, ya tsaya kusa da kasuwa yana shelar a kawo tsoho a karɓi sabo. Sabon ba shi da maɓalli ko ɗaya, gilashi ne zalla da wani tsinke da ake rubutu da shi. Na tambaye shi a fili ko sabon zai yi magana da na matata. Ya dafa ƙirji ya ce ai uwa ɗaya uba ɗaya suke, wayar haɗin ce kawai ta bambanta, kuma za a aiko mini da ita kafin sabuwar shekara. Ya kwashe mini lambobi zuwa cikin sabon, ya jefa tsohona cikin kwali tare da na sauran mutane. Wayar ba ta zo ba har yau. Da na je ofishinku a Kaduna, wata ma'aikaciya ta gaya mini babu irin wannan waya, ba a ma taɓa ƙera ta ba. Ashe 'yan'uwan ba sa ga maciji.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni ɗaukar biro. A farkon daminar nan Rifkatu ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki. Hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama ya tafi da maganarta. Dayarinta yana aljihun rigarta lokacin da ta faɗi, gilashinsa ya fashe ya yi baƙi ƙirin, amma cikinsa na da rai, domin yana yin 'yar ƙararsa idan an taɓa. Mai gyaran rediyo ya ce in ya buɗe shi komai zai iya gogewa, na ce ya bar mini abina.

Mun gwada biro, hannun hagu ya kasa riƙewa. Na ba ta sabon naku, tsinken ya yi ta zamewa a gilashi har ta ture shi da fushi. Amma da 'yan zumuntar mata suka zo addu'a, ɗayarsu ta ɗora mata tsohon nata mai fasasshen gilashi a cinya, sai ga yatsunta sun kama hanya. Sun san gidan kowane harafi ba sai ta gani ba. Tun ranar, kowace safiya in na fitar da ita ƙarƙashin mangwaro, sai ta yi ta dannawa a hankali, wani lokaci tana murmushi da rabin fuska, wani lokaci hawaye na zuba. Ni kuma ina gefe ina jin ƙit, ƙit, ƙit, kamar tsuntsu na cin gero.

Nakan zauna a tasha in yi ta saƙa abin da ke ciki. Wataƙila mafarki take ba ni, jirgi ya sake bi ta kan masara. Wataƙila cewa take gishiri ya yi yawa a miyata, ko akwai inda ke mata ciwo wanda ban sani ba. Likita ya ce in shirya zuciyata, mai yiwuwa haruffa ne barkatai marasa ma'ana. Na ji, amma ina so in gani da idona. Kuma na san cikin dayarin nan ba shi da girma. Ranar da ya cika zai daina karɓa, ita kuwa ba za ta sani ba, za ta ci gaba da dannawa.

Na nemi irinsa a Jos da Kaduna, ko'ina amsa ɗaya ce, wai kamfani ya kwashe tsofaffin. Saboda haka ga roƙona. Ka sa a buɗe ɗakin ajiyarku a duba kwalin Kafanchan. Nawa yana da tabon fenti ja a murfi, irin na tutar tasha. In an rasa shi, kowane irinsa ya wadatar, ko da mai tsatsa ne, muddin gilashinsa na nuna rubutu. Tsohuwar wayar tana nan cikin Littafi Mai Tsarki na ajiye. Sabon naku kuwa zan mayar muku har da tsinkensa, ban nemi ciko ba. Sannan ka ja kunnen wakilanku, su daina dafa ƙirji a kan abin da ba su sani ba.

Ina roƙon Ubangiji ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa albarka a kasuwarka, kada ya nuna maka ranar da naka zai yi maka magana ka kasa ji. Ka hanzarta don Allah. Duk sanda Rifkatu ta gama rubutu, sai ta turo mini dayarin ta zuba mini ido tana jiran amsa. Ni kuma in kalli baƙin gilashin nan in gyaɗa kai kamar na karanta. Ranka ya daɗe, ina jin ta fara ganewa.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Yohanna, mijin Rifkatu,
Kafanchan.